Rose, Tana ko Allison: Da Wane Labarin Masu Shan Jini Ya Kamata a Fara?

Tun daga shekarar 2005 da littafin Twilight na Stephenie Meyer ya fito ya mamaye kasuwa, kamfanonin buga littattafai a Amurka suka duƙufa wajen fitar da labaran masu shan jini, wato halittun almara da ake kira vampire a Turance, domin matasa, har yawansu ya kai inda mai neman abin karantawa yakan rasa wanda zai ɗauka. Kusan kowane ɗaya yana tallata kansa da abu biyu, wato labarin yana da ban tsoro, kuma yarinyar da ke jan ragamarsa jaruma ce da ba ta jiran kowa ya cece ta. Da yawa ba sa cika ko ɗaya daga cikin alkawuran nan, domin mai shan jinin nasu kyakkyawan saurayi ne kawai da aka ƙara wa tsinin haƙora, jarumar kuma ba ta da wani jari sai tsiwa. Akwai ayyuka uku da nake ganin sun cika alkawarin, kowanne ta hanyarsa: jerin Vampire Academy na Richelle Mead, da The Coldest Girl in Coldtown na Holly Black, da kuma jerin Blood of Eden na Julie Kagawa, wanda ya fara da The Immortal Rules. Da Turanci aka rubuta su duka, a Amurka labaransu suke farawa, kuma taurarinsu uku 'yan shekara 17 ne. Duk da wannan kamanni, wanda ya ji daɗin ɗaya yana iya gajiya da ɗayan tun bai yi nisa ba, shi ya sa yana da kyau a san bambancinsu kafin a saya.

Abin da ya fi raba su, a ganina, shi ne nisan da ke tsakanin jarumar da abin tsoron. Rose Hathaway ta Vampire Academy an horar da ita ne domin ta tare dodon da ke waje. Tana Bach ta The Coldest Girl in Coldtown ba ta da horo ko kaɗan, kuma abin da take tsoro cuta ce da mai yiwuwa ta riga ta shiga jininta. Allison Sekemoto ta Blood of Eden kuwa ita kanta ce ta zama abin da ta taso tana ƙi. Daga wannan bambanci ne irin jarumtar kowace take fitowa, haka ma irin nauyin da labarin yake bari a zuciyar mai karatu.

Vampire Academy ya fito a 2007, jerin kuma ya kammala a 2010 da littattafai shida. Duniyarsa ta kasu gida uku. Akwai Moroi, masu shan jini masu rai waɗanda suke tsufa suke mutuwa, suna da gidajen sarauta 12 da sihiri na wuta da ruwa da iska da ƙasa. Akwai Strigoi, matattun da suka tashi, waɗanda ba su da tausayi kuma jinin Moroi suka fi nema. Sai kuma ruwa-biyu tsakanin mutum da mai shan jini, waɗanda ake reno tun suna yara domin su zama masu gadin Moroi, kuma cikinsu Rose take. Labarin yana buɗewa ne a lokacin da aka kamo ta ita da aminiyarta Lissa Dragomir, magajiyar ɗaya daga cikin gidajen sarautar, bayan sun yi shekara biyu da gudu daga makarantar St. Vladimir da ke jihar Montana. Rose ce take ba da labarin da bakinta, muryarta kuma tana da kaifi da barkwanci da saurin fushi, wanda hakan ya sa littafin ya fi sauran biyun saurin karantuwa.

Ƙarfin Rose na damtse ne da horo, amma ba shi ne ya fi burge ni ba. Abin da Mead ta yi da kyau shi ne ta ɗora jarumar tata a cikin tsarin da ke cin ta. Ana koya wa masu gadi tun suna ƙanana cewa ran Moroi yana gaba da nasu, ba su da hanyar haihuwa sai ta Moroi, kuma macen da ta zaɓi renon 'ya'yanta maimakon gadi ana yi mata kallon wulaƙanci. Rose ta fara ne tana alfahari da wannan tsari, sai a hankali ta riƙa tambayar kanta ko tana da wata rayuwa ban da zama garkuwar wata. Ga kuma alaƙar ruhi da ke tsakaninta da Lissa, wadda take sa ta ji abin da aminiyar tata take ji, har da baƙin cikin da ke kai Lissa ga yanka jikinta a littafi na farko. A cikin ayyukan nan uku, wannan ne kaɗai ya sa amincin mata biyu a tsakiyar labari, ya kuma riƙe shi da muhimmanci har ƙarshe, ya nuna daɗinsa da kuma yadda yake iya zama kaya mai nauyi ga ɗaya daga cikinsu.

Sai dai duk wanda ya ɗauki littafi na farko yana neman firgici zai tarar da rabinsa gulmar makaranta ce da gasar farin jini da jita-jita. Labarin ba ya yin nauyi sosai sai a ƙarshen na biyu, sannan ya juya gaba ɗaya a ƙarshen na uku. Na huɗu, Blood Promise na 2009, wanda ya kai Rose ƙasar Rasha har yankin Saiberiya, shi ne mafi ɗaci a jerin, domin a nan ne ake tsare ta ake shan jininta har ta kusa manta abin da ya kawo ta. Wannan yana nufin sai mutum ya yi haƙurin ɗaruruwan shafuka kafin ya iso inda aka yi masa alkawari. Akwai kuma batun da bai kamata a ɓoye ba: soyayyar da ke gudana a duk jerin tsakanin Rose ce da Dimitri Belikov, malamin da ke horar da ita, mai shekara 24. Littafin ya amsa cewa alaƙar ba ta dace ba, su biyun ma sun san haka, amma yana ƙawata ta yadda mai karatu zai so ta tabbata. Ni ban gamsu da wannan ba, kuma duk babban da zai saya wa ƙaramar yarinya jerin ya kamata ya san da shi tun farko.

The Coldest Girl in Coldtown ya fito a 2013, littafi ne guda ɗaya tak, kuma ba ya ɓata lokaci ko kaɗan. A shafukan farko Tana ta farka a cikin bahon wanka bayan wani shagalin dare na matasa, ta fito ta tarar da kusan duk waɗanda suka kwana a gidan an kashe su. Mutum biyu ta samu a ɗaure a wani ɗaki: tsohon saurayinta Aidan, wanda aka ciza, da wani mai shan jini mai suna Gavriel a cikin sarƙa. A duniyar Holly Black shan jini cuta ce da kowa ya sani. Wanda aka ciza yakan kamu da ƙishirwar jini, idan ya sha na mutum sai ya mutu ya tashi a matsayin mai shan jini, idan kuma ya daure har kwana 88 cutar tana iya barin jikinsa, sai dai kaɗan ne suke iya daurewa. Gwamnati ta killace wasu garuruwa da katanga ta zuba masu cutar da masu shan jinin a ciki, tare da mutanen da killacewar ta rutsa da su. Shiga yana da sauƙi, fita kuwa sai da wata shaida ta musamman da ake bai wa wanda ya miƙa mai shan jini ga hukuma. Zuwa irin wannan gari, na Springfield a jihar Massachusetts, Tana ta kama hanya da mutanen nan biyu a motarta, ga kuma ƙarzanen haƙori a ƙafarta da ba ta san ko ya sa mata cutar ba.

A nan ne nake ganin an fi fahimtar abin da ƙarfin hali yake nufi. Tana ba ta iya faɗa ba, ba ta da sihiri, kuma babu wani annabci da ya zaɓe ta. Abin da take da shi shi ne ta kasa tafiya ta bar wani a cikin halaka, ko da wanda ya ɓata mata ne, ko da wanda zai iya cinye ta ne. Marubuciyar ba ta nuna wannan hali a matsayin tsantsar kirki ba, ta nuna tushensa. Tun Tana tana ƙarama mahaifiyarta ta kamu da cutar, aka kulle ta a ɗakin ƙarƙashin gida domin ta daure kwanakin, ta yi ta roƙon 'yarta har yarinyar ta buɗe mata ƙofa, ita kuma ta afka mata ta yage mata hannu, mahaifin ya kashe matarsa domin ya ceci 'yarsa. Da wannan tabo a hannu da wannan laifi a zuciya Tana take yawo, saboda haka duk lokacin da ta jefa kanta cikin haɗari, mai karatu yana ganin tausayi, yana kuma ganin yarinyar da ba ta tabbatar ta cancanci tsira ba. Ban san wani littafin matasa na masu shan jini da ya haɗa waɗannan biyu da gaskiya irin haka ba.

Wani abin da ya ɗaga littafin shi ne yadda ya shigar da kyamara da intanet cikin labarin. Daga cikin garuruwan da aka killace ana watsa shagulgulan masu shan jini kai tsaye, wasunsu sun zama taurari, matasan da ke waje kuma suna kallo suna sha'awa har suna tattara kayansu su tafi da kansu. Tana ta haɗu a hanya da wasu tagwaye, Midnight da Winter, waɗanda suke wallafa tafiyarsu ga mabiyansu suna ɗokin mutuwar da suke zato ado ce. Abin da suka tarar a bayan katangar, wato yunwa da ƙazanta da cin amana, shi ne amsar da littafin ya bai wa duk labaran da suka mayar da mai shan jini saurayin mafarki. Ƙanwar Tana, Pearl, tana cikin masu kallon, kuma wannan ne ya sa haɗarin ya zama na cikin gida. Duk da haka littafin bai yi wa'azi ba, domin shi kansa ya bar Gavriel da kwarjini mai jan hankali, ga rabin hauka a maganarsa, yadda mai karatu zai kama kansa yana sha'awar abin da ake gargaɗinsa a kai.

Yana da nasa raunin. Ana yawan katse tafiyar da babobin da ke komawa baya, wasu zuwa yarintar Tana, wasu zuwa tsohon tarihin Gavriel, kuma ba duka ne suka cancanci katsewar ba. Kusancin Tana da Gavriel ya yi sauri idan aka duba 'yan kwanakin da labarin ya ɗauka. Ƙarshensa kuma a buɗe yake, bai faɗi makomar Tana ƙarara ba, abin da ni na ga ya dace da labarin, amma mai son a rufe masa komai zai ji an bar shi a tsaye. Ta fuskar zubar da jini, wannan ne ya fi sauran bayyana abu ƙuru-ƙuru, tun daga gawarwakin babin farko.

The Immortal Rules ya fito a 2012, The Eternity Cure ya biyo shi a 2013, The Forever Song ya rufe jerin a 2014. Kagawa ta haɗa labarin masu shan jini da labarin rushewar duniya. Wata annoba da ake kira Red Lung ta hallaka yawancin 'yan Adam, masu shan jini suka kafa birane masu katanga suna kiwon sauran mutane domin jininsu. Wanda ya yi rajista yana ba da jini ana ba shi abinci, wanda ya ƙi kuma yana rayuwa a gefen birni cikin yunwa, kuma cikin waɗannan Allison take a birnin New Covington. Mahaifiyarta ta koya mata karatu a wurin da mallakar littafi laifi ne. A wajen katanga akwai wasu halittu marasa hankali da suka samo asali daga gwaje-gwajen neman maganin annobar, kuma su ne suka yi mata raunin ajali wata rana da ta fita neman abinci. Wani tsohon mai shan jini, Kanin, ya ba ta zaɓi tsakanin mutuwa da zama irinsa. Ta zaɓi rayuwa, bayan ta sha rantsuwa cewa gara mata mutuwa.

Wannan zaɓi shi ne ginshiƙin jerin, kuma marubuciyar ba ta sauƙaƙa wa Allison ba. Jinin dabba ba ya kashe mata yunwa, dole sai na mutum. Rana tana ƙona ta, har takan binne kanta a ƙasa idan gari ya waye. Kanin ya gaya mata tun farko cewa wata rana za ta kashe mutum, ko da gangan ko bisa kuskure, abin da ya rage mata shi ne ta zaɓi irin dodon da za ta zama. Sashen da ya fi kyau a littafi na farko shi ne inda ta shiga ayarin wasu mutane da ke neman wani gari mai suna Eden, tana ɓoye musu ko ita wace ce, tana kare yaransu da takobinta alhali ƙamshin jininsu yana kiranta. Jarumtarta ta kame kai ce, ana sabunta ta kowane dare, kuma ana iya faɗuwa a cikinta. Wanda yake son labarin da ke tambayar ko halin mutum ne ko halittarsa ke yanke masa hukunci, a nan zai samu abin da yake nema, tare da faɗan takobi da ya fi na sauran biyun yawa.

Inda jerin ya gaza shi ne wajen mata. Allison tana kewaye da maza, wato Kanin da Zeke, wani saurayi daga cikin ayarin, da Jackal da Sarren waɗanda masu shan jini ne, yarinyar da ta fi fitowa a ayarin kuwa, Ruth, an mayar da ita mai kishi da ƙiyayya kawai. Ga littafin da ake yabo saboda jarumarsa, wannan rashi ne na gaske, kuma yana ƙara fitowa fili idan aka ajiye shi kusa da abin da Mead ta gina tsakanin Rose da Lissa. Farkon littafin ma yana tafiya a hankali, kuma Zeke ya yi kirki har ya rasa ɗanɗano a wasu wurare, ko da yake soyayyarsa da Allison ita ce mafi tsabta a cikin ukun, tunda sa'o'in juna ne kuma babu mai iko a kan wani sai dai haɗarin da ita take ɗauke da shi.

Ga wanda bai taɓa karanta irin waɗannan labarai ba, The Coldest Girl in Coldtown nake ba da shawarar ya fara da shi, muddin zuciyarsa tana ɗaukar ganin jini. Littafi ɗaya ne, saboda haka idan bai yi masa ba asarar kaɗan ce, kuma rubutunsa ya fi na sauran inganci jimla bayan jimla, ko da yake Turancinsa ya ɗan fi nasu nauyi. Wanda yake son ya daɗe tare da mutane har su zama kamar 'yan uwansa, yana son dariya a tsakiyar tashin hankali, kuma Turanci mai sauƙi ya fi masa, Vampire Academy ne nasa, da sharaɗin ya ba shi dama har littafi na uku kuma ya karanta batun Dimitri da idon basira. Idan ya gama bai ƙoshi ba, akwai jerin Bloodlines mai littattafai shida da ya ci gaba a duniya ɗaya daga 2011 zuwa 2015, da wata tauraruwa, Sydney Sage, wadda ƙarfinta na ƙwaƙwalwa ne. Blood of Eden kuwa na wanda ya fi damuwa da gwagwarmayar cikin zuciya ne da tafiya mai nisa a rusasshiyar ƙasa, wanda soyayya ba ita ce ta kawo shi ba.

Akwai wani aiki da ya cancanci a ambata ga manyan matasa, wato Immortal Dark na Tigest Girma, marubuciya 'yar asalin Habasha, wanda ya fito a 2024. Tauraruwarsa Kidan Adane ta shiga jami'ar Uxlay ne domin neman 'yar uwarta June da ta ɓace, tana zargin mai shan jinin da ke haɗe da gidansu, Susenyos Sagad. Kidan ta bambanta da sauran ukun domin tun farkon labarin hannunta ba shi da tsabta, fushi da ramuwa ke tuƙa ta, kuma alaƙarta da Susenyos cike take da ƙiyayya da cutar da juna. Ba zan ba wanda ke farawa shi ba, kuma ba zan ba 'yar shekara 13 ba, amma wanda ya gama da Tana da Allison yana neman abin da ya fi su zafi, nan ya kamata ya nufa.

Game da shekaru, babu ɗaya daga cikin ukun da na ga ya dace da yaron da bai kai tsakiyar sakandare ba. Vampire Academy yana da batun cutar da kai da shaye-shaye da maganganun jima'i, The Coldest Girl in Coldtown yana da kisa a bayyane da mutuwar uwa a gaban 'yarta, ƙarshen The Eternity Cure kuma yana ɗauke da azabtarwa da ke iya hana mai raunin zuciya barci. Kada kuma a auna jerin Mead da fim ɗin da aka yi a 2014, wanda ya karkata ga barkwanci, ko da shirin talabijin na 2022 da kafar watsa shirye-shirye ta Peacock ta dakatar bayan zango ɗaya, wanda ya sauya abubuwa da dama daga littattafan. Wanda ya zaɓi ɗaya daga cikin jerin biyu ya bi littattafan bisa tsarin fitowarsu, domin kowanne yana buɗewa ne da tona abin da ya faru a ƙarshen wanda ya gabace shi.